Daga Bazara Zuwa Rani: Darasin Tsuntsaye Ga Iyalin Mai Bi

Karatu: Irmiya 8:4-7, Matiyu 6:25-34

A cikin umarnan Ubangiji Yesu akwai guda ɗaya wanda masu bi da yawa suka haddace tun suna makarantar Lahadi, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa su aikata shi. Sa'ad da yake koyarwa a kan dutse, yana magana da talakawan da tunanin abinci da sutura yake hana su barci, ya umarce su su dubi tsuntsaye (Matiyu 6:26). Kalmar da aka mora a Helenanci a wannan wuri tana nufin zuba ido da natsuwa, irin duban da manomi yake yi wa hadari sa'ad da shuka take jiran ruwa. Ubangiji bai faɗi haka domin adon magana ba. Ya san Uba ya ajiye darussa a cikin halittarsa, wanda kuwa ya ƙi dubawa zai rasa su.

Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da suka duba. Aikin farko da aka ga Adamu ya yi a gonar Aidan shi ne raɗa wa dabbobi da tsuntsaye suna (Farawa 2:19-20), ba a kuwa raɗa wa abu suna sai an lura da shi. Da aka zo lissafta hikimar Sulemanu, an haɗa da sanin itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da masu jan ciki, da kifaye (1 Sarakuna 4:33). Ayuba yana tsakiyar ciwo ya tura abokansa wurin dabbobi da tsuntsaye, su koyi cewa ran kowane mai rai yana hannun Allah (Ayuba 12:7-10). A tarihin Ikkilisiya ma, Martin Luther ya ɗauki tsuntsaye a matsayin malamai sa'ad da yake bayyana koyarwar nan ta kan dutse. John Stott, limamin Angilikan na birnin Landan wanda ya rasu a 2011, ya yi rayuwarsa yana kallon tsuntsaye, har ya rubuta littafi a kan abin da suka koya masa.

Allah ya wadata Nijeriya da wannan makaranta. Masana sun lissafta fiye da iri 900 na tsuntsaye a ƙasar. A dajin Amurum kaɗai, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, an ga wajen iri 300, a can ne kuma aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka dabam dabam domin su yi nazarin abin da yaron ƙauye yake gani kyauta kowace safiya. Iyalin da ya bi shekara guda yana lura, daga bazara zuwa rani, zai sami wa'azi a kowane lokaci.

Bazara: Lokacin Juyowa

A ƙarshen bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, ƙasa ta bushe, hatsi ya ja baya a rumbu, sai a wayi gari a ga shamuwa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar ƙauye. Tsuntsuwa ce mai baƙin baya da farin ciki. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu take isowa arewacin Nijeriya, bayan ta shafe watanni a gabashi da kudancin Afirka, a ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Tana bin ruwan sama ne, gama inda ruwa ya sauka nan fara da tsutsa suke yawaita, su ne kuwa abincinta. Domin haka tun kaka da kakanni manomi ya san in ya ga shamuwa, lokaci ya yi da zai gyara fartanya ya fito da iri.

Annabi Irmiya ya san 'yar'uwarta, wato farar shamuwa wadda take ratsa ƙasar Isra'ila sau biyu a shekara tsakanin Turai da Afirka. Ƙasar Alkawari tana kan babbar hanyar tsuntsaye, miliyoyinsu suna bi ta kwarin Urdun har wa yau. Sunan tsuntsuwar da Ibrananci, hasida, tushensa ɗaya ne da kalmar da ake mora domin ƙauna mai aminci. Da ita Ubangiji ya kai ƙarar jama'arsa. A Irmiya 8:4-7 ya yi tambayar da ƙaramin yaro ma zai iya amsawa: wanda ya faɗi, ashe, ba yakan tashi ba? Wanda ya ɓace hanya ba yakan komo ba? Ya kasa kunne ko zai ji mai tuba, bai ji ba. Sai ya nuna musu sama, inda shamuwa da kurciya da tsattsewa ba sa kuskuren lokacin komowa, alhali mutanen da aka ba Shari'a da Haikali da annabawa sun kasa gane abin da Allahnsu yake bukata gare su. Irmiya ya yi wajen shekara 40 yana wannan kira. Ba su ji ba, Urushalima kuwa ta faɗi a hannun Babila.

Abin da ya sa maganar take da zafi shi ne, tsuntsu ba shi da littafi, ba shi da Fasto, amma yana biyayya ga abin da Mahalicci ya sa a cikinsa. Akwai magidancin da ya yi shekara uku bai gaisa da ɗan'uwansa ba saboda iyakar gona, yana kuwa cin Jibin Ubangiji. Akwai matar da ta riƙe surukarta a zuciya tun ranar biki. Akwai saurayin da yake cewa zai daina shaye-shaye in ya yi aure. Kowannensu ya san lokaci ya yi, yana dai ɗagawa. Yesu ya tsauta wa mutanen zamaninsa domin sun iya karanta jan gari su faɗi yadda rana za ta kasance, amma sun kasa karanta alamun zamani (Matiyu 16:2-3), ya kuma yi kuka a kan Urushalima domin ba ta gane ranar da Allah ya ziyarce ta ba (Luka 19:41-44). Manomin da ya ga shamuwa ya ci gaba da kwanciya, shi zai sayi hatsi da kaka. Haka yake ga wanda Ruhu Mai Tsarki yake ƙwanƙwasa wa zuciya yana cewa sai baɗi.

Damina: Lokacin Gina Gida

Da ruwan fari ya sauka, daji yakan farka cikin dare ɗaya. Shinge ya fito daga suri, kwaɗi su cika fadama da kuka, ciyawa ta tsiro, ƙwari su yawaita. Wannan yalwa ce take sa tsuntsaye da yawa su yi sheƙa a daidai wannan lokaci, domin 'ya'yansu su fito su tarar da abinci. A kan itacen bakin rafi za a ga tsuntsayen nan masu saƙa, namijin ya yi rawaya da baƙin kai, yana tsage ganyen ciyawa ko na kwakwa yana saƙa ɗaki mai ƙofa ta ƙasa. Macen takan zo ta duba. In saƙar ba ta yi mata ba ta wuce, shi kuwa ya sake sabuwa.

Cilakowa tana da nata tsari mai ban mamaki. In za ta yi ƙwai takan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar, a bar 'yar tsaga wadda baki kaɗai zai iya wucewa. A ciki take kwanci makonni, namijin kuwa yana kai da kawowa yana miƙa mata abinci ta tsagar. In 'ya'yan suka tasa sai ta fasa ta fito, su biyu su ci gaba da ciyar da su. Ranta da na 'ya'yanta duka suna rataye a kan amincin namijin. Magidancin da yake karɓar albashi ko kuɗin amfanin gona ya ƙarar a waje, ya bar uwargida da kuɗin makaranta da na asibiti, ya kamata ya tsaya a gindin wannan itace ya ji kunya, ya kuma tuna da gargaɗin manzo Bulus a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8).

A duwatsun Filato akwai wani ɗan tsuntsu ja, dangin baiwar Allah, wanda masana ba su bambanta shi da sauran ba sai a 1998, sa'ad da wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya bayyana shi. Wani ɗan baƙin tsuntsu na wannan yanki ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar jan. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a can yakan girma yana jin kukan masu renonsa, in kuwa ya balaga, kukan gidan da ya rene shi yake kwaikwayo. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaro yana ɗaukar muryar gidan da ya tashi a ciki. In addu'a da godiya yake ji da asuba, su zai tafi da su makarantar kwana. In zagi da gulmar maƙwabta da ƙin mutanen wata kabila yake ji, su zai rera a gaban duniya, ko da an saya masa Littafi Mai Tsarki mai bangon fata. Wannan ya shafi kuma gidajen da suke riƙon marayu da 'ya'yan dangi, gama ɗan riƙo ma kukan gidan zai yi.

Kazar gida ma tana wa'azi. In inuwar shirwa ta gifta, sai ta yi ƙara, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin fikafikanta, ita ta tsaya tsakaninsu da mutuwa. Da wannan hoto Yesu ya kwatanta marmarinsa na tattara mutanen Urushalima (Matiyu 23:37), a kan gicciye kuwa ya cika shi. Ɗan tsakon da ya ƙi amsa kira shi shirwa take ɗauka.

Kaka: Lokacin Dogara

Da kaka gero da dawa sun nuna, shamuwa ta tattara 'ya'yanta ta kama hanyar kudu wajen watan Oktoba. A jihohin Borno da Yobe da Jigawa manoma sukan shiga fargabar jan baki, ƙaramin tsuntsun da masana suke ɗauka ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya. Ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, amma in garkensa ya sauka a gonar shinkafa ko gero, wahalar damina takan salwanta cikin 'yan kwanaki. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan gefe na halitta ba. Tun faɗuwar mutum ƙasa take ba da ƙaya, halitta duka kuwa tana nishi tana jiran fansa (Romawa 8:19-22). Korar tsuntsu daga gona ba zunubi ba ne.

Duk da haka, a kan maganar shuka da girbi da rumbu ne Yesu ya kawo misalin tsuntsaye. Ba su da ko ɗaya daga cikin ukun, Uba kuwa yana ciyar da su. Wanda ya lura da kyau zai ga cewa wannan ba izinin lalaci ba ne. Kurciya tana kiwo tun gari bai gama wayewa ba. Balbela tana bin sawun shanu wuni guda tana kama farar da suka tayar. Karin Magana 6:6-8 ta aika rago wurin tururuwa, wadda take tara abinci da kaka ba tare da shugaba ya tsaya a kanta ba. Abin da tsuntsu ba ya yi shi ne kwana yana juyi saboda gobe. Yana aikin yau, ya ci na yau, ya kwana a reshe.

Iyalai da yawa suna karanta wannan da zuciya mai nauyi. Taki ya yi tsada, ruwa yakan makara ko ya ɗauke kafin hatsi ya nuna, wasu kuma rikici ya raba su da gonakinsu, suna zaune a gidajen dangi ko a sansani. Ubangiji bai ce damuwarsu wasa ce ba. Ya ce a kasuwa ana sayar da gwara biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan (Matiyu 10:29), a Luka 12:6 kuwa biyar a kan ninkin wannan kuɗi, wato na biyar ɗin gyara ne. Ko wannan na gyara, wanda mai sayarwa bai sa masa farashi ba, Allah bai manta da shi ba. Wanda ya aiki hankaki su kai wa Iliya abinci safe da yamma a rafin Kerit (1 Sarakuna 17:4-6) yana da hanyoyin da mai damuwa bai lissafta ba. Sau da yawa kuwa hanyar ita ce ɗan'uwa mai bi wanda rumbunsa ya cika. Shari'a ta hana mai gona ya girbe har gefe, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Bikin godiya na kaka bai cika ba in gwauruwar da take zaune a bencin baya ta koma gida hannu wofi.

Hunturu: Lokacin Baƙi

Sa'ad da iskar hunturu ta taso da ƙura, ƙasar takan cika da baƙi. Daga Satumba zuwa Nuwamba tsuntsaye suna gudo wa sanyin Turai da Asiya, su haye Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a Afirka ta Yamma. Agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa dubbai suna taruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru. A Boje ta Jihar Kuros Riba tsattsewar Turai takan taru da yawan gaske ta kwana cikin dogayen ciyayi a gefen tudu. Nauyin tsattsewa ɗaya bai wuce wajen giram 20 ba, wasu baƙin ma ba su kai rabin haka ba.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke tafiya ba, har wasu masanansu suka ɗauka tsattsewa tana nutsewa cikin laka ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822, kusa da garin Klütz a ƙasar Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashin Afirka a soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomita, har yau kuma tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, ta haka aka riƙa gano hanyoyinsu. Abin da Irmiya ya ambata fiye da shekara 2,400 kafin wannan mashi, shi ne bincike ya zo ya tabbatar. Masana sun gano tsuntsaye suna bin rana da taurari da ƙarfin maganaɗisun duniya. Sanin yadda abin yake aiki bai rage darajar wanda ya tsara shi ba. Allah ya tambayi Ayuba ko da hikimarsa ce shaho yake miƙa fikafikai ya nufi kudu (Ayuba 39:26), amsar kuwa ba ta sāke ba.

Kafin su koma, a watannin Maris da Afrilu, ƙananan baƙin nan sukan dage da ci su tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusan ninkawa, gama a hamada babu masauki. Wanda ya tashi da rama ba ya kaiwa. Mai bi ma baƙo ne mai wucewa (1 Bitrus 2:11), ƙasarsa ta ainihi tana Sama (Filibiyawa 3:20), a gabansa kuma akwai hamadar da bai san ranar shigarta ba, ko ta ciwo, ko ta rashi, ko ta tsanani. Maganar Allah da aka tara a zuciya a kwanakin lafiya ita ce guzurin wannan rana. Fadamar Nguru kuwa ba ta tambayar tsuntsu inda ya fito kafin ta ba shi ruwa. Ikkilisiyar da take cikin gari mai karɓar waɗanda aka kora daga ƙauyukansu tana da umarni a sarari, ta ƙaunaci baƙo kamar ɗan gida (Littafin Firistoci 19:33-34).

Rani: Lokacin Ƙishi Da Lissafi

A tsakiyar rani, in tafkuna sun ƙafe, namun daji sukan taru inda ruwa ya rage. Wannan ne ya sa masu ziyartar Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, suka fi ganin giwa da ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji a watannin rani. Dabba mai ƙishi ba ta bukatar a roƙe ta ta je rafi. Da irin wannan ƙishi mai Zabura ya kwatanta marmarinsa ga Allah (Zabura 42:1-2). Wanda sai an bi shi gida kafin ya zo sujada, ya binciki kansa ko ya sami wata rijiya dabam.

Rani kuma shi ne lokacin da ɓarnar mutum take fitowa fili. Ana cinna wa daji wuta domin a kama gafiya, wutar ta cinye ƙananan itatuwa da ƙwan fakara da na zabin daji, wani lokaci har da amfanin gonar maƙwabci. Ana zuba guba a rafi domin kifi. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu take cika mahauta da rufin kasuwa, yau kuwa akwai yaran da ba su taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da suke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan ta gari a jerin waɗanda suke dab da ƙarewa. Guba tana cikin dalilan, haka kuma cinikin kanta da sassan jikinta domin tsubbu. Gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa ne na Nijeriya, ya yi wuyar gani a dajin ƙasar.

An ce ungulu ba ta jewar banza, aikinta kuwa babba ne. Cikinta yana kashe ƙwayoyin cutar da suke cikin mushe, ta haka take tsabtace gari ba tare da an biya ta ba. A ƙasar Indiya, daga shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulu, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙara zama barazana ga mutane. Abin da Allah ya sa a wurinsa, in an cire shi, mutum ne yake biya.

Wannan magana ce ta ruhaniya. Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Alkawarin da ya yi bayan ruwan tsufana ya haɗa da tsuntsaye da dabbobi (Farawa 9:9-10). Ya ba da doka cewa wanda ya tarar da sheƙa kada ya kama uwa tare da 'ya'ya, ya kuma haɗa dokar da alkawarin tsawon rai (Maimaitawar Shari'a 22:6-7). Annabi Yusha'u ya ga ƙarya da sata da zub da jini sun cika ƙasa, sai ya ce saboda haka ƙasar take makoki, namun jeji da tsuntsaye da kifaye suna ƙarewa (Yusha'u 4:1-3). In daji ya yi shiru, ya kamata Ikkilisiya ta tambayi kanta ko tana da hannu. Mai bi da yake sayen kan ungulu a ɓoye domin neman sa'a ya yi laifi biyu, ya ɓata halitta, ya kuma nemi taimako a wurin da Allah ya hana.

Lura Dabam, Camfi Dabam

A nan akwai bukatar gargaɗi. Duban tsuntsu domin a yabi Mahalicci abu ne mai kyau, amma neman labarin gaibu a kukan tsuntsu duba ne, Allah kuwa ya haramta shi (Maimaitawar Shari'a 18:10-12). A gidaje da yawa, in mujiya ta yi kuka a kan rufi sai tsoro ya kama kowa, in kuma aka yi rashin lafiya a makon sai a fara nuna wata tsohuwa da yatsa ana cewa mayya ce. An raba dangi, an wulakanta gwauraye da yara saboda wannan. Mujiya ɓera ta zo nema. Gidan mujiya ɗaya yana cinye ɗaruruwan ɓeraye a shekara, waɗanda da rumbu za su shiga. Dukan abubuwa ta wurin Almasihu aka halicce su, dominsa kuma (Kolosiyawa 1:16), har da tsuntsun dare. Wanda jinin Yesu ya fansa ba shi da dalilin rawar jiki saboda kukan tsuntsu, balle ya ɗora wa maƙwabciyarsa sharri.

Abin Da Iyali Zai Iya Yi

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi. Bayan addu'ar safe, iyali zai iya ɗaukar minti 10 a tsakar gida a yi shiru, kowa ya faɗi tsuntsun da ya ji ko ya gani. A sami littafin rubutu guda a ba ɗaya daga cikin yara, ya riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar ruwan fari, ranar da shinge ya fito, da ranar da baƙin hunturu suka iso. Bayan shekara uku ko huɗu littafin zai zama shaida a hannun yaran cewa alkawarin Farawa 8:22 game da shuka da girbi yana nan daram.

A tambayi kakanni sunayen tsuntsaye da Hausa da kuma harshen gida, ko Berom ne, ko Ngas, ko Bura, ko Jju, a rubuta, gama sunaye da yawa suna tafiya kabari tare da tsofaffi. Iyaye maza su zauna da 'ya'yansu a kan maganar danƙo, su nuna musu bambancin farautar abinci da kisan banza. A ajiye kaskon ruwa a inuwa da rani. A dasa itace a gida da harabar majami'a, tun da mai Zabura ya yi murna da ganin tsuntsaye sun sami wurin sheƙa kusa da bagaden Ubangiji (Zabura 84:3). Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su iya sa maganar ƙunar daji a cikin shirinsu kafin rani ya shigo.

A ƙarshe, dukan waɗannan darussa suna kai mai lura wurin mutum ɗaya. Sa'ad da aka kai shi Haikali yana jariri, hadayar matalauta aka miƙa, wato tsuntsaye biyu (Luka 2:24). Sa'ad da ya fito daga ruwan baftisma, Ruhu ya sauko masa da siffar kurciya. Shi wanda ya ba kowane tsuntsu reshen kwana ya yi zaman duniya ba shi da wurin sa kansa (Matiyu 8:20), domin masu zunubi su sami madawwamin gida. Carar zakara ce ta tuna wa Bitrus maganar Ubangijinsa, ya fita ya yi kuka mai zafi, aka kuwa karɓe shi. Zakara yana cara kowace asuba a kowane ƙauye, ƙofar tuba kuma tana buɗe har yanzu.

Ubangiji ya ba iyalan Ikkilisiyarsa idon lura da zuciyar biyayya, ya koya musu sanin lokacin komowa gare shi, ya kuma sa su zama amintattun masu riƙon abin da ya danƙa a hannunsu. Amin.